Karatun halittun teku ga ɗan Jos: Legas, Kalaba, ko a fara daga gida?

Duk shekara idan JAMB ta buɗe sayar da fom, kwasa-kwasan da ake ji a gidajenmu na Jos ba sa wuce likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya, lauya da injiniyanci. Jefi-jefi kuma sai a samu yaro ko yarinya su ce su halittun teku suke so su karanta. Yawancin iyaye sukan ɗauka ƙuruciya ce, za ta wuce. Waɗanda suka ɗauki maganar da muhimmanci kuwa abu biyu ke damunsu: babu teku a Filato, kuma makarantun da ke koyar da fannin duk suna nesa, a garuruwan da rayuwa take da tsada. Ni a wurina burin yaron abin mutuntawa ne, damuwar iyayen ma gaskiya ce, kuma ana iya kai wa ga wannan karatu ba tare da an sayar da fili ko an kashe wa yaro gwiwa ba.

Ra'ayina shi ne, ga gidan da kuɗinsa ƙidayayye ne, digirin farko a kusa da gida ya fi, da sharaɗin yaron zai je bakin teku a lokacin koyon aiki, sannan ya ƙware a digiri na biyu. Amma wannan ba hukuncin kowane gida ba ne. Akwai gidan da Legas ta fi dacewa da shi, akwai wanda Kalaba ce daidai da shi, akwai kuma yaron da difloma za ta fi yi masa amfani da digiri.

Kafin a zo kan makaranta, ya kamata yaron ya san aikin da yake nema. Galibin masu wannan buri a talabijin ko a waya suka ga teku: ruwa shuɗi garau, murjani kala-kala, mutum da tukunyar iska a baya yana iyo a tsakiyar kifaye. Tekunmu ba haka yake ba. Gaɓar Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Badagry zuwa iyakar Kamaru, kuma mafi yawanta taɓo ne da rairayi da ƙoramu. Kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka mai yawa, shi ya sa ruwan gaɓar ba ya yin garau, murjani kuma ba ya kafa tudu irin na Bahar Maliya. Abin da muke da shi, wanda duniya ta san mu da shi, shi ne dajin mangurob na Neja Delta, itatuwan da ke tsiro a cikin ruwan gishiri, wanda ya fi na kowace ƙasa girma a Afirka. A cikin saiwoyinsu jatan lande da kaguwa da ƙananan kifaye suke girma kafin su fita teku. Don haka masanin halittun teku a ƙasar nan yini yake cikin laka har gwiwa yana ɗibar samfuri, ko a bakin kasuwar masunta yana auna tsawon kifin bonga ɗaya bayan ɗaya, ko a ɗakin gwaje-gwaje yana binciken yawan ɗanyen mai da gubar ƙarfe a naman kifi. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 irin wannan aiki ne ya haife shi.

Wannan bayani shi ne ginshiƙin ra'ayina. Auna iskar da ke cikin ruwa, ƙirga ƙananan halittu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, gane jinsin kifi, lissafin yawansa, duk ilimi ɗaya ne ko a tafki ko a teku. Gishiri da igiyar ruwa da hawa da saukarsa su ne sabon darasi, kuma wanda ya riƙe tushen da kyau ba ya daɗewa wajen koyonsu.

Sai maganar kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta kuɗin rajista kawai. A jami'o'in tarayya kuɗin rajista bai cika nisa da juna ba. Da yawansu, har da Jos da Legas, sun ƙara shi sosai a 2023, ɗalibai suka yi ƙorafi, aka ɗan sassauta. Inda bambancin yake shi ne masauki, abinci, da kuɗin mota. Rajista sau ɗaya ake biya a shekara, ciki kuwa kullum yake nema. Ɗalibin da ke kwana a gidansu a Unguwar Rogo ko Rikkos, ya ci tuwon gida ya hau keke zuwa makaranta, ba ya cikin lissafi ɗaya da wanda zai biya haya a Legas. A ƙara da yajin aiki: na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gidan haya ba ruwansa da yajin aikin malamai, kuɗinsa na tafiya ko yaro yana ɗakin ko yana Jos.

Jami'ar Legas ita ce sunan da ya fi fitowa, kuma da dalili. An kafa ta a 1962, harabarta ta Akoka tana kan gaɓar tafkin Legas, kuma tana da sashen kimiyyar teku inda ake ba da digiri a ilimin halittun teku kai tsaye. Ɗalibi na fita daga aji ya taka zuwa bakin ruwa mai gauraye da gishiri. Ga Makoko nan kusa, inda masunta ke zaune a kan ruwa. A Victoria Island kuma akwai NIOMR, cibiyar binciken teku ta ƙasa da aka kafa a 1975, mai jirgin ruwan bincike na kanta. Kamfanonin da ke yin nazarin tasirin ayyuka a kan muhalli, da na kamun kifi a teku, da yawa a Legas ofisoshinsu suke. Wanda ya yi shekara huɗu a nan, idan mai ƙwazo ne, zai fita da sanayya da mutanen da ke ɗaukar aiki, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne a fannin da mutanensa ba su da yawa, kowa ya san kowa.

Farashinsa fa? Shiga da wuya. Jami'ar ba ta duba wanda bai kai maki 200 a JAMB ba, tana son wanda ya zaɓe ta a farko, kuma tana neman kiredit biyar a zama ɗaya. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, ta intanet ake rububinsu. Wanda bai samu ba sai haya a Bariga, Abule Oja, Iwaya ko Yaba, inda za a nemi kuɗin shekara a dunƙule, da na dillali, da na yarjejeniya. Nan ne iyaye sukan ce, ai akwai kawunsa a Agege. A yi tunani sosai a kan wannan. Daga Agege zuwa Akoka da safe tafiya ce mai cin lokaci da kuɗi saboda cunkoso, kuma yaron da ke fita da asuba ya dawo bayan isha ba zai iya zaman ɗakin karatu ba. In dangin suna Idi-Araba ko Mushin, da sauƙi. Sannan a yi wa kawun magana a fili tun farko: shekara huɗu ce, ba hutun makaranta ba. Zumunci da yawa ya yi rauni a kan riƙon ɗalibi da ba a fayyace sharuɗɗansa ba. Daga Jos zuwa Legas kuma yini guda ne cur a mota, wani lokaci har da dare, don haka zuwa gida sai sau ɗaya ko biyu a shekara.

Wani abu da 'yan Arewa da yawa ba sa amfani da shi: a jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko. Jihohin Arewa 19 duk suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Ke nan ko takardar asalin yaro ta Filato ce, ko ta Bauci, ko ta Kano, yana da ƙofa a Legas da Kalaba da Akure wadda ɗan Ogun ko Anambra ba shi da ita. Ba ta ɗauke masa ƙoƙari ba, amma kada tsoron makin shiga ya hana shi gwadawa.

Kalaba ita ce wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta a lissafinmu. Jami'ar, wadda aka kafa a 1975 kamar ta Jos, ta daɗe da cibiyar nazarin teku, kuma harabarta tana jingine da kogin Kwa. Bakin kogin Kuros, inda yake haɗuwa da teku, yana cikin wuraren da aka fi nazari a ƙasar nan: ga mangurob, ga jatan lande, ga matsalar wani irin kwakwan ruwa mai suna nipa da aka shigo da shi Kalaba a 1906, yanzu yana cinye wurin itatuwan asali. Garin bai kai Legas hayaniya da tsadar haya ba, ɗalibi na iya samun ɗaki kusa da makaranta ya riƙa takawa. Akwai unguwar Hausawa a Bogobiri, da masallaci da abincin da aka saba, abin da ke kwantar wa uwa hankali. Hanyar ita ma doguwa ce, ta Akwanga, Lafiya, Makurdi, Ogoja da Ikom, kuma da damina ruwan sama a can ba irin wanda muka sani ba ne. Rauninta shi ne kamfanoni da ofisoshin da ke ɗaukar aiki ba su taru a can kamar Legas ba. Amma ga gidan da ya yanke shawarar lallai yaro ya karanta teku tun daga aji ɗaya, kuma ba shi da kowa a Legas, Kalaba zan fara dubawa.

Sauran na Kudu a taƙaice. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana da sashen kimiyya da fasahar teku, karatun shekara biyar ne, kuma ya fi karkata ga lissafi, fiziks da yanayin ƙasan teku. Garin kansa ba a gaɓa yake ba. Ya dace da yaron da lissafi ba ya ba shi tsoro. Jami'ar Jihar Akwa Ibom tana koyar da halittun teku, sai dai jami'o'in jiha galibi sun fi na tarayya tsada, kuma baƙo yakan biya fiye da ɗan jiha. Akwai Jami'ar Sufurin Ruwa ta Okerenkoko a jihar Delta, wadda ta fara karatu a 2018, da jirgin ruwa ake zuwa cikinta. A kula kuma, makarantar da ke Oron a jihar Akwa Ibom ta horar da matuƙa da injiniyoyin jirgin ruwa ce. Sana'a ce mai kyau, amma ba nazarin halittu ba ne, kuma ana yawan haɗa su.

Yanzu gida. Jami'ar Jos ba ta ba da digirin farko mai suna halittun teku. Abin da take da shi sashen ilimin dabbobi ne, wanda a cikinsa akwai ɓangaren nazarin halittun ruwa da kifi har zuwa manyan digirori. Wasu za su ga kamar an rage wa yaro buri. Ni ban ga haka ba, saboda Filato ta fi yadda ake zato arzikin ruwa. Haƙar kuza ta bar mana kududdufai masu zurfi birjik daga Rayfield zuwa Bukuru da Barikin Ladi, kowanne da irin ruwansa. Ga madatsar Lamingo, ga kogin Dilimi da ke ratsa gari yana ɗauke da duk abin da muka zuba masa. A Panyam ta ƙaramar hukumar Mangu akwai gonar kifi tun farkon shekarun 1950, tana cikin mafi daɗewa a ƙasar. A tafkin Pandam can kudancin jihar akwai ayu, dabbar da ake samu har a ƙoramun gaɓar teku, wadda masana a duniya ke neman bayani a kanta. Kogin Kaduna ma daga kan tsaunukan nan yake tasowa, ya faɗa Kwara, ya ƙare a teku.

Na taɓa tsayawa ina kallon wasu ɗalibai a bakin wani kududdufi bayan Bukuru da sanyin safiya. Ɗaya ta ɗaura murfin bokitin fenti a igiya, an shafa masa fari da baƙi, an ɗaure dutse a ƙasansa. Tana sassauta igiyar a hankali har murfin ya ɓace wa ido, sai ta danne wurin da yatsa, abokin aikinta ya auna da tef ya rubuta; haka ake gane yadda ruwan yake garau. Wani kuma yana jan 'yar koma mai laushi kamar gyale, a ƙarshenta an ɗaura ƙaramar kwalba. Da ya ɗago ta, ruwan ciki kamar ba komai, sai da ya kara ta da hasken rana aka ga ƙananan halittu kamar ɗige-ɗige suna tsalle. Ya ɗiga maganin adanawa, ya manna takarda, ya rubuta rana da wuri da ƙarfe nawa da fensir, don biro yana narkewa in ya jiƙe. Abin da ake yi a kan jirgin bincike a tsakiyar teku ke nan, sai dai kayan can sun fi tsada.

Wata fa'idar Jos ita ce cibiyar APLORI da ke dajin Amurum kusa da Laminga, wadda ke ƙarƙashin jami'ar. Tsuntsaye ne aikinta, amma ta yi suna a Afirka ta Yamma wajen koyar da tsara bincike a daji da nazarin alƙaluma. Ɗalibin da ya saba da zuwa tarukansu zai koyi yadda ake tambaya irin ta kimiyya, kuma wannan yana bin mutum duk fannin da ya shiga.

Sai dai hanyar gida tana da sharaɗi, in aka sake shi ta rushe. Shi ne SIWES, watannin koyon aiki da ɗaliban kimiyya ke yi kafin shekarar ƙarshe, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, hedikwatarta ma a nan Jos take, kan titin Miango. Yawancin ɗalibai sukan nemi wuri mafi kusa, a sa musu hannu a littafi, a wuce wurin. Mai son teku ba zai yi haka ba. Tun yana aji biyu zai fara rubuta wa NIOMR, ko wani malami a Kalaba ko Fatakwal, yana neman gurbi. A nan ne gida zai kashe kuɗin da ya tara: haya da abincin 'yan watanni a Legas abu ne da ake iya ɗauka, kuma a nan ne zaman gidan kawu a Agege yake da ma'ana. In ya dawo, ya roƙi malaminsa ya bar shi ya yi binciken kammala karatu a kan ruwa, ko da a kan tarwada ko karfasa ne. Wanda ya yi digiri a Jos bai taɓa ganin teku ba, bai kuma yi bincike a kan ruwa ba, gaskiya ba zai iya gogayya da ɗan Akoka ba.

Kusa da wannan akwai digirin kiwon kifi da kamun kifi a jami'o'in Arewa, irin su Bayero a Kano, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Maiduguri, da jami'ar aikin gona ta Makurdi da ke bakin Binuwai. Yawanci shekara biyar ne domin a tsangayar noma suke. Shekarar da aka ƙara kuɗi ce, amma mai wannan digiri yana fita da sana'a a hannu: ƙyanƙyasar kifi, haɗa abincinsa, kula da tafki. Najeriya ba ta samar da ko rabin kifin da take bukata, shi ya sa kifin ƙanƙara na waje ya cika kasuwanninmu, don haka wannan ilimi ba ya kwantai.

Wani dattijo mai shago a Terminus, da 'yarsa ta dage a kan wannan karatu, ya tambaye ni: "Malam, ni ba tafiyar ce ta dame ni ba. In ta gama, wa zai ɗauke ta?" Na ce, "Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, guraben ba su da yawa." Haka abin yake. Masu ɗauka su ne cibiyoyin bincike irin NIOMR da ta kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, jami'o'i, sashen kamun kifi na tarayya, hukumar NOSDRA mai bin diddigin malalar mai, NESREA mai kula da dokokin muhalli, NIMASA mai kula da sufurin jiragen ruwa, kamfanonin mai, da masu nazarin tasirin muhalli, wanda doka ta wajabta tun 1992 kafin a fara manyan ayyuka. A 2023 an kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku da tattalin arzikinsa, alamar gwamnati ta fara waiwayar fannin, amma kafa ma'aikata daban, ɗaukar aiki daban. Mafi yawan waɗannan wurare, in aikin bincike ne, sai da digiri na biyu. Wannan ma wani dalili ne na kada a ƙarar da ƙarfin gida a digirin farko. Kuma digirin ilimin dabbobi yana da faɗi: in teku bai yiwu ba, ga koyarwa, ga aikin ɗakin gwaji, ga yaƙi da cututtukan da sauro da ƙuda ke yaɗawa, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom nan kusa da mu. Na kuma gaya wa Alhajin cewa hedikwatar hukumomin nan da dama a Abuja take, 'yan Arewa masu wannan ilimi kuwa ƙalilan ne.

Hanyar difloma ita ce mafi sauƙin kuɗi da saurin kai wa ga aiki. Kwalejin Fasahar Kifin Ruwan Daɗi ta Tarayya da ke New Bussa a jihar Neja tana gefen tafkin Kainji, rayuwa a garin da arha, Hausa kuma ake ji ko'ina. Akwai takwararta ta Baga a Barno. A Victoria Island kuma akwai kwalejin kifi da fasahar teku ta tarayya, maƙwabciyar NIOMR, sai dai matsalar masaukin Legas tana nan. Shekara biyu ake yi a samu ƙaramar difloma, wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Ga yaron da makinsa na JAMB bai kai ba, ko wanda hannunsa ya fi ƙwaƙwalwarsa son aiki, wannan ya fi zaman gida shekara guda ana jiran wata jarrabawa. Amma mai burin zama mai bincike ya sani dole daga baya ya koma jami'a, kuma in aka haɗa shekarun, hanyar ta fi tsawo.

Jami'o'i masu zaman kansu da digirin farko a ƙasar waje ban ga dalilinsu ba a wannan fanni ga mai matsakaicin hali. Kuɗin shekara ɗaya a can zai iya ɗaukar karatun gaba ɗaya a nan. A ajiye waje sai digiri na biyu, inda tallafi ya fi samuwa. Jami'ar KAUST da ke Thuwal a arewacin Jidda, wadda aka buɗe a 2009, manyan digirori kawai take bayarwa, tana bincike a Bahar Maliya, kuma wanda ta ɗauka tana ɗauke masa kuɗin makaranta da masauki har da alawus. A can ne mai mafarkin murjani zai gan shi da idonsa. Tarayyar Turai tana da tallafin Erasmus Mundus, Jamus tana da DAAD, akwai na ƙungiyar Commonwealth, akwai na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, a gida. A Ghana ma Jami'ar Cape Coast tana da cibiyar nazarin gaɓar teku da Bankin Duniya ya tallafa. Duk waɗannan abin da suke dubawa sakamako ne mai ƙarfi, da binciken da aka yi da hannu, da wasiƙar malamin da ya san ɗalibin da gaske. Mai babban sakamako daga Jos ya fi mai na tsaka-tsaki daga Legas dama, kuma yaron da yunwa da cunkoson mota ba su galabaitar ba ya fi samun sukunin fitar da babban sakamako.

Bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara a 2024, ya sauƙaƙa wani abu. Yana biyan kuɗin makarantun gwamnati kai tsaye, yana ba da naira 20,000 a wata ga wanda ya nema, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. A Jos, ga mai kwana a gida, wannan kuɗi zai ɗauki abin hawa da kwafin takardu. A Legas ba zai taɓa haya ba. Daidai ruwa daidai tsaki. A nemi tallafin karatu na jiha ma, komai ƙanƙantarsa.

Shirin kuwa tun daga sakandare yake farawa. Kiredit a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks ba makawa. A JAMB galibi Turanci ne da bayoloji da kemistiri, sai fiziks ko lissafi, amma a duba ƙasidar JAMB ta shekarar domin kowace jami'a da nata sharaɗi, kuma haɗin darussa da ba daidai ba yana kayar da mai maki mai yawa. Yaran da ke son dabbobi sukan raina kemistiri da lissafi, alhali rabin aikin nan su ne. Da zarar an samu kwamfuta, ko ta aro ce, a fara koyon Excel, daga baya manhajojin R na nazarin alƙaluma da QGIS na zana taswira, waɗanda kyauta ake sauke su; mai iya zana taswira da nazarin alƙaluma shi ake fara kira idan aiki ya taso. Sai iyo. A koya a wurin wanka mai malami da mai tsaro, kada a kuskura a koya a kududdufan kuza, domin zurfinsu ba ya nunawa daga sama kuma sun ci rayuka da yawa a garin nan. Takardar shaidar nutso da tukunyar iska tana da tsada, a ruwanmu kuma ba a cika bukatarta ba, ana iya jinkirta ta. Ga 'ya'ya mata, fita aikin fili cikin rukuni ake yi tare da malamai, rigar kariya daga nutsewa tana hawa kan hijabi lafiya lau, kuma mata da yawa ne ke riƙe da ɗakunan gwaje-gwaje a wannan fanni.

In yaro yana da maki mai ƙarfi, da dangi na kusa da Akoka waɗanda suka amsa da bakinsu, ko gida na iya biyan haya shekara huɗu ba tare da an taɓa karatun ƙannensa ba, a sa Legas a zaɓin farko. In ana iya ɗaukar nauyin zama a wani gari amma ba na Legas ba, a sa Kalaba. In kuwa kuɗin rajistar ma sai an yi karo-karo, a sa Jos, a buɗe asusu tun ranar da aka samu gurbi, a riƙa jefa na watannin SIWES a ciki. Kowacce aka zaɓa, kafin a biya ko sisi a nemi ɗalibin da ke aji uku a sashen, ba jami'in ɗaukar ɗalibai ba, a tambaye shi yaushe rabon ajinsu da fita kan ruwa, nawa ya kashe a masauki bara, kuma ina waɗanda suka gabace shi suka yi koyon aiki.